Mako Uku Ina Ciyar da Mahaifiyata Jelin Abarba

Edita, ina roƙon fili in faɗi wani kuskure da na tafka, ko wani zai tsira daga irinsa. A tsakiyar shekarun 1980 ni matashin injiniyan lantarki ne a Riyadh, ina aikin kwantiragi, ina zaune a wani ɗan gida a unguwar Al-Shumaisi. Lokacin kaina ya kumbura. Duk abin da ya zo a kwali da rubutun waje, gani nake ya fi na gida. Matata ta tafi gida haihuwa, ni kuwa ban iya dafa komai ba sai shayi.

Ana cikin haka na nemo wa mahaifiyata biza, ta zo aka yi mata aiki a ciki. Aiki ya yi kyau, alhamdulillahi. Kwana biyu bayan aikin na ga an kawo mata wani abu rawaya a ƙaramin kofi, yana karkarwa kamar kunun da ya kwana ya daskare. Aka ce jelin abarba ne. Ta sha cokali uku, ta ce ba laifi. Nan take na yanke hukunci ni kaɗai: abin da asibiti ya ba mara lafiya ai shi ne abincin mara lafiya, balle kuma abarba. Takardar tsarin abinci da aka ba ni ranar sallama na cusa a aljihu ban karanta ba, har ta tafi wanki.

Na je bakala, wato shagon unguwa, na kwaso garin jelin nan katan guda. Kullum kafin in fita aiki sai in dama shi da ruwan zafi, in jera kofuna a firji. Safe jeli, rana jeli, yamma jeli, sai shayi da ɗan yankin burodi. Nama da shinkafa kuwa na hana, wai kada ɗinki ya farke. Wani abokina ya kawo mata kabsa, shinkafar mutanen nan da nama, na zauna na cinye abina.

Ni ne ɗanta na fari, kakata ce ta rene ni. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, bare ta buɗe baki ta roƙe ni abu. Na san da wannan kunyar tun ina yaro, amma ban kawo ta a raina ba. Da na ga kofi ya koma wayam sai in ce magani na aiki.

Allah ya taimake ni da matar maƙwabcina, wata ma'aikaciyar jinya Bakatsiniya, wadda ta dawo daga hutu ta shigo dubiya. Ta tarar ɗinki yana ta ruwa bai kame ba, tsohuwa ta rame, in ta miƙe sai jiri ya ɗebe ta. Ta buɗe firji, ta rufe, ta kira ni waje ta wanke ni tas. Ta ce in karanta bayan kwalin in nuna mata inda abarbar take. Babu. Sukari ne, da kala, da ƙamshi, da ɗan abin da ke sa shi daskarewa. Ta ce a asibiti ana ba da shi ne kwana ɗaya ko biyu, a ga ko ciki zai karɓa, ba don ya riƙe mutum ba. Ciwo kuwa da nama da ƙwai da wake da madara yake warkewa. Ta ƙara da cewa da tsohuwa na da ciwon sukari, da labarin ya sha bamban.

Ranar ta kawo farfesun kaza, bayan kwana biyu tuwo da miyar kuka. Ta tsayar da ni a kicin ta koya mini dafa wake da ƙwai, tana yi mini tsiya cewa injiniya guda ya kasa karanta kwali. Ba a jima ba ɗinki ya bushe, har muka yi umara da mahaifiyata tana ɗawafi da ƙafarta. Ta yi shekaru masu yawa bayan nan cikin ƙoshin lafiya, ta ga jikokinta.

Daga baya maƙwabciyar ta faɗa mini hirar da suka yi da mahaifiyata. Wai tun kwana na uku ta gane abin nan ba abinci ba ne, da yunwa take wuni. Amma ta ga shi ne abu na farko da na taɓa dafa mata da hannuna, ba za ta iya kunyata ni ba. Na yi kuka ranar, ba na ɓoyewa.

Ban ce jeli guba ba ne, jikokina ma suna sha bayan sun ci abinci. Amma kayan marmari ne, ba ya riƙe mai lafiya balle mai jinya. Masu jinyar iyaye, ku karanta kwali, ku tambayi masana, kada ku ɗauki shirun tsoho a matsayin gamsuwa. Mako uku ina tambayarta ko da daɗi, tana cewa da daɗi. Ko sau ɗaya ban tambaye ta ko ta ƙoshi ba.