Ranar da Na Gasa wa Ɗan Farina Baya

Wannan ba tatsuniya ba ce, kada kowa ya ce ta zo mu ji ta. A cikin gidana abin ya faru, a ƙauyenmu na ƙasar Kurugu, ba a daɗe da canjin kuɗin da soja suka yi ba.

A wancan zamani, in jiki ya yi tsami, ruwan ɗumi ake nema kafin a nemi ƙwaya. Ni kuwa Allah ya ba ni hannun gashi. Ba tafasasshen ruwa ba, wannan na mai jego ne. A ɗora tukunya, a jefa ganyen darbejiya, a sauke, a sirka har sai gwiwar hannu ta iya zama a ciki. A tsoma tsumma, a matse, a danna inda ke ciwo, a dakata ɗumin ya ratsa. In ya huce a sake. Na gasa wa tsofaffi gwiwa, na gasa wa 'yan mata wuyan da tulu ya riƙe, kuma da wuya in gama mutum bai fara gyangyaɗi ba. Ciwo ne ke korar barci. In ɗumi ya lallashi ciwon, barci da ƙafarsa yake dawowa.

Mutum ɗaya ne ban taɓa sa wa hannu ba, shi ne ɗan farina.

Mu jinin Fulani ne ta wajen uwa, kunyar ɗan fari kuwa a wurinmu ba abin wasa ba ce. Ba na kiran sunansa, har yau ɗin nan. Da aka yaye shi, yayar ubansa ta ɗauke shi, ɗakinta na kallon nawa. Ita yake kira Gwaggo, ni kuma ya ce mini Adda, yadda ya ji ƙannena na faɗa. In ya faɗi a gabana kaina nake kawarwa, wata ta ɗaga shi. Mata suna yabona, suna cewa wance akwai kara. Ni ma daɗi nake ji.

Ya girma, ya yi aure, ya zama mai huɗa da garmar shanu. Wata damina sabon bijimi ya fizge shi, bayansa ya riƙe. Ba ya iya sunkuyawa, salla ma a zaune. Matarsa ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Yola ta nan kusa da mu. Gwaggon ce ke gasa masa kullum da la'asar, da haka yake samun runtsawa. Sai aka yi rasuwa a Ruwan Bago, ta tafi gaisuwa. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, rafi ya kawo, hanya ta yanke.

Na dafa ruwan yadda na saba, don dama ni ke dafawa, ita ke kaiwa. Na ajiye a ƙofar ɗakinsa, na yi gyaran murya, na wuce. To wa ke iya gasa bayansa da kansa? Ruwan ya huce inda na bar shi. Washegari ma haka. Na gan shi ya fito alwala yana dafa bango, idanu sun yi ja sun faɗa. Ya ce, "Adda, ina kwana." Na amsa ina kallon murhu.

La'asar ta yi, maza suna gona, gidan ba kowa sai kaji. Na ɗauki kwatarniya, na tsaya a bakin ƙofarsa har hannuna ya gaji. Sannan na shiga, ko sallama ban yi ba. Yana kwance rubda ciki a tabarma, fuskarsa na duban bango. Na durƙusa. Wannan bayan nasa, rabona da taɓa shi tun kafin yaye. Ga shi ya yi faɗi, da wani tsohon tabo a kafaɗa wanda ban san ranar da ya same shi ba.

Na ɗora tsumman. Ya ja numfashi, ya sauke.

Can ya ce, bai juyo ba, "Gwaggo, ashe rafin ya janye."

Na juya tsumman.

"Yau kuma ba faɗa? Ke da kike cewa rakina ya fi na mai naƙuda." Ya soma dariya, ciwo ya katse ta. "Hannun ma yau ya yi hankali. Da kam sai ka ce mai kirɓin fura."

Na sake tsomawa, na danna ƙasan ƙugu inda na ji jijiya ta ɗaure. Ya yi ta magana, muryar tana yin ƙasa. Ya ce in matarsa ta sauka lafiya, in mace ce, sunan Adda yake so ya sa. Ya ce, "Ko kina ganin za ta ji nauyi? Ki tambayar mini ita, Gwaggo. Ni ban san abin da take so ba. Ban taɓa sani ba."

Bakina ya buɗe, Allah shaida ya buɗe. In ce ina so, shi ke nan fa. Amma kafin in furta, numfashinsa ya daidaita, yatsunsa suka saki gefen tabarma. Ya yi barci. Na ci gaba da gashin har ruwan ya huce sarai, na shafa masa man shanu, na ja mayafi na rufe shi, na fita. Da ƙyar aka tashe shi sallar magariba, yana idarwa ya koma.

Washegari da hantsi sai ga Gwaggo, laka har gwiwa. Ta tsaya a tsakar gida tana ba da labarin yadda aka tsallako da ita rafi ɗazun nan, shi kuwa yana zaune a inuwa yana ji. Bai dube ni ba, ban dube shi ba. Ta karɓi tsummanta, ta ci gaba da aikinta. Kafin girbi bayan ya saki.

Matar ta sauka lafiya, mace. Ranar suna na laɓe a bayan danga, na kasa kunne wajen maza. Sunan Gwaggo aka raɗa wa yarinyar.

Ban ga laifinsa ba. Ya tambaya, ya saurara, bai ji komai ba.