An Yanke Sunana da Reza

A shekarun da muke karatun manya a Madarumfa, akwai wata 'yar jarida ta Hausa da ake bugawa a biro, wato ofishin yaƙi da jahilci, sau ɗaya a wata in an samu tawada. Shafi huɗu ce, baƙinta yana kama yatsu. Malamarmu takan zo da guda ɗaya, mu zauna kan tabarmi mu goma sha ɗaya, kowa ta karanta layi uku ta miƙa wa ta kusa da ita. Shafin ƙarshe na tambayoyi ne. Mutum ya rubuto damuwarsa, a kai wa majo, babban ma'aikacin jinya na likita, wato asibitin garinmu, ko malamin gona, a buga amsa. Ba a sa suna. Sai dai a ce, wata mai karatu ta rubuto.

A daminar wata shekara ɗiyata ta fari ta soma faɗuwa. Tana da shekara goma sha ɗaya, tana lakwal, wato makarantar boko. Karo na farko a ɗaki ne, na biyu a gona, babu kowa sai ni da babanta. Na uku kuwa a bakin murhu, hannunta na hagu ya shiga garwashi kafin in iso. Muka ce wa mutane tuntuɓe ta yi da tukunya.

Farfaɗiya ce, mun sani. A wurinmu an ce duk wanda yawun mai ita ya taɓa, ko ya sha ruwa a moɗarsa, ya ɗauka. Maigidan ya dawo daga tafki, ya rataye komarsa ta kamun kifi, ya ce, "Ki ja bakinki. In garin nan ya ji, ko kifina ba mai saye, balle a zauna da ita."

Na ja bakina. Likita kuwa ba ta zuwuwa, don layin safe duk matan unguwa ne, kuma tagar majo a buɗe take. Ga shi 'yar fari ce. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa riƙe hannunta a gaban mutane ba, wa zan je in yi wa kuka a kanta? Sai na ciro warƙar takarda daga kayena, littafin da nake rubutu a aji. Kwana uku ina rubutu, ina gogewa. Na faɗi komai yadda ya faru, don majo ya gane. A sama na sa sunana da unguwarmu, kamar yadda aka koya mana.

Mai haɗa jaridar wani tsohon malamin lakwal ne ɗan Gabi, kowa Mushe yake ce masa, wato malam da Faransanci. Na same shi yana hura gawayin shayi a ƙofar biro.

"Inna, lafiya? Ko an zo ƙarar malama, ta cika ba ku aiki?"

Na miƙa masa takardar. Na ce, "Mushe, wa zai ga wannan?"

Bai buɗe ta duka ba. Ya ɗauko reza daga gwangwani, ya ɗora takardar kan teburi, ya yanke kanta, daidai inda sunana yake. Ya miƙo mini ɗan siririn yankin.

"Wanga naki ne, tafi da abinki. Sauran in na buga shi a mashin ɗin rubutu, ga inda yake shiga." Ya nuna gawayin. "Majo ma wanda na buga zai gani, ba rubutun hannunki ba. Ko kwamanda mai mulkin garin nan ya zo ya tsare ni, ba abin da zai samu. Ni da nake neman tabarau yana bisa hancina, mi zan tuna?"

Ya ɗan duba layin farko, ya ce, "Akwai sunan yarinya a ciki?"

"Mushe, ta fari ce fa."

Ya yi dariya. "To, kunya ta yi mini rabin aiki."

Na ƙulle yankin a bakin zanena, na koma gida.

Bayan sati uku jarida ta fito. Muka zauna kamar kullum. An karanta labarin feshin wake, an karanta na gyaran hanyar Ɗan Issa. Da aka kai shafin ƙarshe, jaridar tana hannun maƙwabciyata mai ƙuli-ƙuli, wadda nake ce wa Yaya. Katanga ɗaya ta raba mu. Ita ce ta kawo zuma ranar da yarinyar ta ƙone, ita ta taya ni ɗaure hannun.

Yaya ba ta da sauri a karatu. Tana bin baƙi da yatsa, tana tauna kowace kalma.

"Wata mai karatu ta rubuto. Ɗiyata tana faɗuwa, tana kumfa. Ta faɗi a murhu, ta ƙone a hannun hagu, daga gwiwar hannu zuwa..."

Yatsan ya tsaya.

Wata daga baya ta ce, "Yaya, baƙin ya yi ƙaya ne? Tofar mana mu ji!" Aka soma dariya, sai dariyar ta mutu a hanya. Ba wadda ta dube ni. Mata goma, kowa ta sami abin dubawa a tabarma. A nan na san an gama.

Yaya ta miƙo mini jaridar, don ni ce ta kusa da ita. Layukana uku amsar majo ce. Ya ce ciwo ne na cikin kai, ba a ɗaukarsa ta yawu ko ta moɗa, akwai magani, a kawo yarinya. Na karanta da ƙarfi, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Malama ta ce madalla. Na miƙa wa ta gaba. Na tuna ina kallon wata tururuwa tana jan ƙwayar gero a gefen tabarma, har aka tashi.

Ba wanda ya ce mana komai. Ana gaishe mu, muna amsawa. Sai dai da yarinyar ta shiga gidan Yaya, ta tarar an rataya wata sabuwar moɗa a ƙusa, nesa da randa, aka ce tata ce. A lakwal benci na mutum uku ya zama nata ita kaɗai. Ta zo ina tankaɗe, ta tsaya a kaina.

"Inna, mi na yi?"

Na ce ta miƙo mini faifai. Ta miƙo.

Maigidan bai yi faɗa ba. Ya ce, "Karatu ya yi rana," ya ɗauki komarsa ya fita. Kifinsa dai an ci gaba da saye.

Rana ta huɗu Mushe ya zo a kan keke, ya yi sallama, ya tsaya a ƙofar gida. Ya cire tabarau, ya mayar.

"Inna, na cire abin da aka koya mini cirewa. Ban tuna garin nan yara nawa ke yawo da hannu a ɗaure ba." Ya ce daga yau duk takardar da ta zo, sai ya karanta wa mai ita, ya tambaye ta ko akwai inda maƙwabta za su gane ta.

Na ce, "Ba komai, Mushe."

Ya roƙi ruwa, ya ce yarinyar ta kawo a moɗar da take sha. Ya shanye a tsaye, a kan titi, mutane na wucewa. Daga baya na ji ana cewa ai 'yan boko ba a biye musu.

Tunda babu sauran abin ɓoyo, ranar Litinin na kama hannunta na dama muka tafi likita. Muka bi ta bakin kasuwa, muka shiga layin safe. Matan suka matsa mana, fiye da yadda muke buƙata. Tafin hannunta yana gumi. Ban san haka yake da ƙanƙanta ba.

Majo ya ɗauko kati, bai ɗaga kai ba.

"Sunan yarinya?"

Na dubi katin da ke gabansa. Ya sake tambaya. Na ce ya ara mini bik ɗin da yake rubutu da shi. Ya dube ni, ya turo katin. Na rubuta, baƙi bayan baƙi, a kan layi.

Maganin ya rage faɗuwar, ƙwaya ɗaya kullum. Lakwal ba wanda ya kore ta. Ta ƙarasa shekarar a bencinta, da aka koma bayan hutu ba ta koma ba, ni ma ban ce ta koma ba. Moɗar gidan Yaya ta yi shekaru a ƙusarta har ta yi tsatsa, mu kuma muna gaisawa ta kan katanga, tana aiko mana da ƙuli-ƙuli.

Yankin takardar yana cikin kwallata, ƙarƙashin zannuwa. Gefensa miƙe yake, rezar tana da kaifi. Har yau ba wanda ya taɓa ganinsa.