Baba Sannu-Sannu, Mai Bin Sawun Baƙin Mai

Kafin sauran 'yan gareji su buɗe, Baba Sannu-Sannu ya riga ya iso. Yakan jingina kekensa da bangon rumfa, ya rataye rigar gida a ƙusa, ya saka wadda baƙin mai ya rine har an manta asalin launinta. Sai ya zauna a kan wata tsohuwar kujerar mota ya daɗe yana murza gwiwoyinsa, don yanzu sai ya lallashe su suke yarda su durƙusa. Sana'arsa gyaran wutar mota: wayoyi, soket, fitilu, da ɗan akwatin nan da direbobi ke kira ƙwaƙwalwar mota. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ido ya ƙi, baya ya ƙi, shi ma ya gaji, kuma bai ɓoye wa kowa ba.

Direbobi ne suka laƙaba masa sunan, ba kuma yabo suka nufa ba. Ka kawo mota ka ce fitila ce ke wasa, sai ya bar fitilar ya kama leƙen inji, ya shafa nan, ya sunsuna can. In ya ga baƙin mai na tsattsafowa kusa da waya, magana ta ƙare, ba zai ɗaura sabuwa ba sai bakanike ya toshe yoyon. "Man nan cin robar waya yake yi," in ji shi. "In na gyara yau, gobe ka dawo kana zagina." Masu sauri da yawa sun ja motarsu zuwa gaba, inda za a naɗe musu da salatif su kama hanya. Ya sha wuni a zaune babu aiki saboda wannan taurin kai, mai ɗakinsa kuma ta sha yi masa gori.

Wanda ya fi kowa ba da labarinsa shi ne telan bakin layi. Matar telan na fama da ciwon ƙoda, asibitin da ake yi mata wankin ƙoda kuma yana da nisa. In ranar da aka yanka mata ta wuce, jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya, samun wani gurbin kuwa sai an sha wahala. Tsohuwar motar telan ce kaɗai abin kai ta, ga motar ta tsiro da halin mutuwa a tsakiyar hanya. Ta taɓa sa sun rasa layi, matar ta wuni a jingine tana haki.

Telan ya yi ta kawo wa Baba motar. Kullum Baba ya buɗe inji sai ya gan shi fes, babu ɗigon mai ko ɗaya. Ya goge soket, mota ta tashi, bayan kwana biyu ta sake macewa. Abin ya dami Baba ƙwarai, har ya fara zargin idonsa.

Wata safiya ya tsaya yana kallon injin, ya ce, "Wai ni kam, tela, motarka ba ta bin ƙura ne?"

"Ai wankewa nake yi, Baba, duk ranar da zan kawo maka. Kunya nake ji in ajiye wa babba kamarka abu da dauɗa."

Baba ya dafe kai. "Ashe ladabinka ne ke wahalar da mu. Dauɗar nan da kake wankewa, ita nake dubawa in gane inda mai ke fita. Kada ka sake taɓa shi."

"Baba, jibi ne fa ranarta."

"To yau ka yi ta yawo da ita har inji ya ɗau zafi. Gobe ka kawo min ita yadda take."

Washegari sawun ya fito. Wani siririn layin mai ya gangaro daga ɗan abin da ke auna ƙarfin mai a bayan inji, ya tsaya a bakin soket ɗinsa. Daga nan wayoyin a bushe suke ta waje, da wani ne, da ya canja abin ya sallami mota. Baba bai yarda ba. Ya shiga cikin motar, ya zare soket ɗin ƙwaƙwalwa da ke can ƙarƙashin sitiyari, ya danna masa farin ƙyalle, ƙyallen ya fito da baƙi. Man ya bi ta cikin wayar ne, kamar yadda lagwani ke jan kananzir, har ya isa inda babu wanda zai neme shi.

Ya sa bakaniken maƙwabcinsa ya canja abin da ke yoyon. Shi kuwa ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari da bayan nan nasa mai ciwo, yana yanke wayoyin da suka jiƙe, yana wanke bakin soket ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama, tashi ya gagara, sai da telan da bakaniken suka jawo shi ta ƙafa. "Ku ja a hankali," in ji shi, "ni ma tsohuwar mota ce." Ranar da aka yanka, matar telan ta isa asibiti a kan lokaci, kuma tun daga nan motar ba ta sake ajiye su a hanya ba.

Kai ne, Baba, wanda ya gwammace a kira shi mai nawa da ya sallami mota da cuta a ciki. Kai ne ka ƙarar da idonka a kan wayoyin da masu motar ma ba su san da su ba. Babu wanda ya taɓa ba ka lambar yabo, mu ma da muke wucewa ta gabanka kullum ba mu cika tsayawa ba, kuma abin da kunya.

A makon jiya, da labarin ajiye aikinsa ya bazu, motar telan ta tsaya a bakin rumfar. Wata mata ramammiya ta fito tana dafa ƙofa.

"Sannu da aiki, Baba," ta ce. "Ni ce lodin da motar nan ke ɗauka. Na ce sai na zo na ga wanda ya kwanta a ƙasa saboda ni."

Baba ya miƙe da ƙyar, ya ɓoye hannuwansa a baya saboda baƙin mai, yana ta maimaita, "Allah ya ƙara sauƙi, 'yata."

Mun gode, Baba. Je ka huta, Allah ya saka maka da alheri, ya ba gwiwoyin nan lafiya. Ku kuma da za ku ci gaba da riƙe filaya a bayansa, ku nemo inda mai ke zuba kafin ku naɗe waya, ko da mai motar na tsaye a kanku yana tsaki. Ba ku san wanda za a kwantar a kujerar baya gobe da safe ba.