Ƙarfen Dafawa a Matakalar Fatake

Idan ka sauka daga jirgin ruwa a Nagasaki, ƙafarka ta ɗauke ka zuwa wata unguwar kan tudu mai kallon tasha, to ka faɗa hannun Urakawa Shigeharu, kuma sai ka ji tarihin Matakalar Fatake ko kana so ko ba ka so. Tun hantsi yake tsayawa a gindinta, da farar hula da 'yar koriyar tuta da takalmin da ya sha goga har yana ɗaukar ido. Ba wanda ya ɗauke shi aikin. Shi ya naɗa kansa, shekarar da ya ajiye tuƙin jirgin ƙasan cikin gari ya zauna a gida, ya duba ya ga ba sauran wanda zai daka wa tsawa sai matarsa Tokie, ita kuwa ta daɗe da daina jin tsawarsa.

Matakalar tsofaffin duwatsu ce masu santsi. Ta tashi daga bakin titi tana lanƙwasa tsakanin gidaje har ƙofar gidansa, wanda shi ne na ƙarshe a sama. A faɗarsa, fataken Turawa ne suka fara taka ta da buhunan sukari. Wa ya gani? Oho. Abin da muka sani dai labarin yana ƙiba kowace shekara. Dutsen da bara wani akawun fatake ya zame a kansa, bana jakada ne ya zame, har da doki.

Baƙi kam sun ji daɗinsa. Zai riƙe wa tsohuwar da bai taɓa gani ba jaka, ya ɗauke ta hoto sau uku, ya raka ta har shagon kek yana rusunawa. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Mu 'yan unguwa abin da ya same mu shi ne Ƙungiyar Kare Martabar Matakala, wadda ya kafa ya kuma shugabanta. Ranar da babban jirgi ya shigo, ba shanya a baranda, ba bokitin roba a ƙofar gida. Wani dattijo da ya fito shan iska da singileti sai da aka aika masa saƙo cewa cikinsa ba ya cikin tarihi.

Duk wannan Tokie ba ta taɓa cewa uffan ba, don ba ta da lokacin magana. Mota ba ta hawa tudun, saboda haka duk abin da ya shiga gidan nan tun aurensu a kanta ya hau: shinkafa, kananzir, 'yarsu Chiharu tana goye, har uwar Urakawa da ta tsufa, Tokie ce mai goya ta zuwa asibiti ta dawo da ita. Shi abin da ya fi nauyi da ya taɓa hawa da shi tutar nan ce. Gwiwa kuwa ba ƙarfe ba ce. Ta Tokie ta fara ƙara, ta koma kumburi, har ya zama sai ta juya baya tana dafa bango take sauka, kamar mai saukowa daga tsani.

Ana haka hukumar gari ta ce za ta kafa ƙarfen dafawa kyauta a duk unguwar tudun da ta nema. Aka kira taro. Urakawa ya miƙe, ya gyara murya, ya yi jawabin da har yau ake kwaikwayonsa a wurin aski.

"Fatake sun hau ba ƙarfe, sun sauka ba ƙarfe. Wanda ya huda dutsen nan, idon kakanninsa ya huda. Tarihi ba gurgu ba ne da za a ba shi sanda!"

Daga bayan ɗakin sai ga muryar Tokie. "Baban Chiharu, su fataken naka, da buhun shinkafarka suka hau?"

Aka kwashe da dariya. Amma mutanen garinmu sun fi tsoron jayayya da babba a bainar jama'a a kan karaya, don haka da aka zo ɗaga hannu kowa ya sunkuyar da kai ya bi shugaba. Wadda ta fi kowa tafi ita ce Moriuchi, matashiyar da ta buɗe shagon shayi da kek a gindin matakalar. Ita ce ɗalibarsa ta gaban goshi. Ta haddace jawabin tas, har wurin da yake jan numfashi.

Tun daga wannan taron Tokie ba ta ƙara sauka ba. Kasuwar kifi, ƙawayenta na wurin wanka, kabarin iyayenta da take sharewa duk wata, duka suka koma abin hange ta taga. Ta yi baƙin ciki ƙwarai, kuma ba ta ɓoye ba. Urakawa ya ce hutu ne ya same ta ba ta gode ba. Har ma ya ga abin ya yi masa daidai, don yanzu yawon nasa ya sami wurin ƙarewa. Sai ya hau da baƙi har ƙofar gida, ya nuna da tuta. "Ga gidan katako na asali, ga kuma tsohuwar unguwa ta asali." Sannan ya rage murya ya ce, "Ke, ɗan yi murmushi mana, daga nesa suka zo."

Ranar da wata baƙuwa ta miƙo mata alewa ta taga, kamar yadda ake yi wa biri a gidan namun daji, Tokie ta ɗauki waya ta kira 'yarta.

Chiharu ta zo da ƙarti biyu da kujera, kuma aka yi rashin sa'a ranar jirgi ce. Suna cikin saukowa da Tokie a kan kujerar, ta ƙanƙame ƙunshin kayanta, suka yi kiciɓis da Urakawa yana hawowa da ayarinsa. Da wani mijin ne, da ya ji kunya. Shi kuwa ko gezau. Ya ɗaga tuta ya ce, "Kun taki sa'a! Haka ake sauko da matan manya a zamanin fatake." Baƙi suka hau tafi, wayoyi suka tashi sama.

"Baba, ba ka da kunya?" in ji Chiharu.

"Ƙyale shi," Tokie ta ce. "Yau dai na yi masa amfani na ƙarshe. Tukunyar shinkafa ta lantarki tana kan kantar girki, Baban Chiharu. Ba da tarihi take dahuwa ba, sai ka danna maɓalli."

Ta koma wurin 'yarta, a wani dogon bene mai lifta kusa da inda jirgin cikin gari ke tsayawa. Urakawa ya gaya wa kowa cewa ba za ta yi sati ba. Wa zai bar gidan tarihi ya zauna a akwatin siminti? Sati ya wuce, wata ya wuce. Aka fara ganinta a kasuwar kifi da sandarta tana ciniki kamar za ta cinye mai kifin, ta yi ƙiba, har gashi ta rina.

Shi kuma a karon farko ya san nauyin shinkafa. Ya san cewa kananzir yana ƙara nauyi a kowace kwana ta matakalar. Bai faɗa wa kowa ba, amma ya yi kewarta, kewa mai tsanani, irin wadda ke sa mutum ya dafa shayi kofi biyu ya rasa mai shan ɗayan. Da damina ta sauka gansakuka ta rufe duwatsun, wata safiya ya taka dutsen jakada, ƙafa ta kwashe, ƙugu ya bugu. Su ƙartin nan biyu ne suka sauko da shi a kujerar nan. Ba wanda ya yi tafi.

Bayan asibiti aka mayar da shi sama, don ya rantse ba zai kwana a akwatin siminti ba. Ƙashi ya ɗinke, amma tsoro ya zauna. Yakan fito ƙofa ya leƙa matakalar, sai ya ji ƙasa tana juyawa, ya koma ciki. Chiharu ke aiko masa da abinci.

Sai dabara ta zo masa. Ya sa aka kawo masa doguwar igiyar jirgin ruwa, sabuwa fil, ya jiƙa ta a baƙin shayi har ta yi kalar abin da ya shekara ɗari. Ranar da ba jirgi, ya bi matakalar da ja da gindi, yana ɗaure igiyar a shingayen maƙwabta tun daga sama har ƙasa. Ya dafa ta ya hau da ƙafarsa, yana haki, yana murna kamar yaro. Ya kira Tokie.

"Ke, an sami abin dafawa. Ki dawo gida."

"Wa ya huda idon kakanninsa?"

"Ba huji. Igiya ce. Ta da ce, ta zamanin fatake."

Ta yi wata 'yar dariya da ya daɗe bai ji ba. "To, ranar Lahadi zan zo in gani. Zan taho maka da taliyar wurin nan da kake so. In igiyar ta riƙe ni, mu ci a sama."

Ranar Lahadi ya yi aski, ya share ɗaki, ya fito da kofi biyu. Yana buɗe ƙofa ya tarar da Moriuchi, wadda ke riƙe da ƙungiya tun kwanciyarsa, da igiyar a naɗe a kafaɗarta. Ta rusuna har ƙasa.

"Shugaba, ka yi haƙuri, ban san wane marar mutunci ne ya ɗaura wannan ba, ga shi yau akwai jirgi. Na kwance ta kafin idonka ya gani, kada ciwonka ya tashi. Tarihi ba gurgu ba ne da za a ba shi sanda, ko ba haka ka koya mana ba?"

Bakinsa ya buɗe. Kalma ɗaya ce za ta fid da shi, ya ce ni ne. Ya dubi yarinyar, idonta cike da girmamawa, ya dubi tutarsa da ke jingine a bango. Wanzami dai ba ya son jarfa.

"Kin kyauta," ya ce.

Ta sauka da igiyar tana tsalle daga dutse zuwa dutse. Ba a jima ba wayarsa ta yi ƙara. Can ƙasa, a bakin titi, ya hango Tokie da sandarta da ƙullin abinci a hannu, ta ɗaga kai tana duban sama.

"Baban Chiharu, ina igiyar?"

Ya yi ta kame-kame. Ya ce ƙungiya, ya ce jirgi, ya ce yarinyar ba ta sani ba.

"Ka gaya mata kai ka ɗaura?"

Ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa.

"To," in ji Tokie, muryarta ba faɗa a ciki. "Ni ba zan iya hawowa ba, ka sani. Ka dafa tarihi ka sauko, taliya na hucewa."

Ya sa ƙafa a dutsen farko, ya janye ta, ya zauna daɓas. Ja da gindi kuwa ba na ranar jirgi ba ne. Ta jira shi, ta jira fiye da yadda ya cancanta. Daga baya ta ajiye ƙullin a shagon Moriuchi, ta juya a hankali ta nufi wurin tsayawar jirgi.

Yana nan zaune ayarin ranar ya iso sama, Moriuchi a gaba da sabuwar tuta. Ta nuna shi da alfahari. "Ga gidan katako na asali, ga kuma tsohon unguwa na asali." Sannan ta sunkuyo kusa da kunnensa. "Shugaba, ɗan yi murmushi mana, daga nesa suka zo."