Ranar da Gangunanmu Suka Tsaya a Bakin Ƙofa

Asabar: Zariya zuwa Zuba

Ƙarfe biyar saura kwata na fito daga gida, gari bai waye ba, ƙasa jiƙe da ruwan da aka kwana ana yi. Maiɗakina Hajara ta raka ni har zaure tana mitar cewa mutum mai shekara hamsin da biyu zai rufe shago kwana uku saboda ƙwallo. Gaskiya kuwa ta faɗa.

Shekara goma sha huɗu na yi ina ɗinki a Gwagwalada kafin rashin lafiyar mahaifiyata ya dawo da ni Zariya. A can na kamu da son wani ɗan kulob na yankin, wanda ake wa laƙabi da 'Yan Tukwane saboda yawancin magoya bayansa na farko mutanen Kwali ne, garin da ya yi suna wajen ginin tukwane. Ni na riƙa ɗinka wa ƙungiyar magoya baya korayen riguna da tutoci. Yau shekara tara rabona da ganin wasansu. A makon jiya ne tsohon makaɗinmu, Baba Danladi, ya kira ni ya ce wasan ƙarshe na kakar bana ranar Lahadi ne, kuma in ba mu ci ba za mu faɗa rukuni na ƙasa. Bai ce in zo ba. Cewa kawai ya yi ya ga ya kamata in sani.

Na yi asuba a masallacin tasha, motar ta cika shida da kwata. Takwas saura muka ratsa Kaduna. Direbanmu, wani mai yawan magana, da ya ji abin da zai kai ni Abuja sai ya leƙo ni ta madubi.

"Malam, dama har yanzu akwai mai hawa mota don kallon ƙwallon gida? Ga na Turai a gidan kallo, kana zaune, ga fanka."

Na ce masa na Turai ba su san sunana ba. Mota ta ɗauki dariya, wata mata a baya ta ce na gidan ma ba tabbas.

Shinge huɗu muka wuce tsakanin Kaduna da Tafa. A na uku wani soja ya sa na buɗe jaka, ya ɗaga tsohuwar koriyar rigata ya juya ta gaba da baya, ya tambayi ko ta jam'iyya ce. Da na ce ta ƙwallo ce sai ya mayar, ya ce mu tafi. Mun tsaya a Tafa na ci doya da ƙwai a tsaye. Sha biyu da rabi Dutsen Zuma ya bayyana, hazon damina ya rufe kansa, na ji kamar wanda ya hango ƙofar gidansu.

Gwagwalada

Daga Zuba na shiga ƙaramar mota, minti arba'in ta sauke ni. Na fara bi ta tsohon shagona. Yanzu wayoyi ake gyarawa a ciki, mai wurin bai taɓa jin labarina ba. Na yi azahar, na tari ɗan acaɓa na ce ya kai ni tsohon filin wasa.

Da ban je ba. Ciyawa ta kai gwiwa, awaki na kiwo a tsakiya, wani ya shuka masara a kusurwar da muke zama da ganguna. Turken raga ɗaya ne ya rage a tsaye. Bishiyar mangwaron da marasa tikiti suke hawa tana nan, ta ƙara girma. Na tsaya a ƙarƙashinta ina tuna yammacin Lahadi, lokacin da masu sana'a ke rufe shago da wuri, masu fitowa daga coci su zo da kayansu na ado, mu haɗu kafaɗa da kafaɗa muna waƙa ɗaya. Ɗan acaɓan ya gaji da jira ya danna hon.

Kwali

Ƙarfe huɗu na iso gidan Baba Danladi. Manomin doya ne, ɗan asalin yankin, ya haura saba'in. Ya rame, amma hannuwansa na nan yadda na san su. Ya rungume ni yana cewa, "Tela, ka tsufa!" Matarsa Mama Laraba, wadda ita ma maginiyar tukwane ce, ta shimfiɗa mini tabarma da buta a ɗakin baƙi tun kafin in tambaya, kamar yadda ta saba yi a da. Bayan la'asar aka kawo sakwara da miyar agushi.

Muna ci sai ga Madam Talatu, mai gidan abinci a bakin kasuwa, wadda ita ce shugabar magoya baya yanzu. Daga bakinta na ji labarin dalla-dalla, wanda a waya gutsuri-gutsuri nake samu. Shekara uku ke nan da wani attajiri ya sayi kulob ɗin, kowa Ciyaman yake ce masa. Da farko an yi murna, don ya sayo bas ya kuma kawo 'yan wasa. Daga nan ya sauya launin rigar kulob daga kore ya koma fari da ruwan gwal. Ya ɗauke wasa daga Gwagwalada ya kai cikin birni, ya tsawwala kuɗin shiga. Kocin da ya raini kulob ɗin shekara da shekaru, da saƙon waya aka sallame shi. Da magoya baya suka je ofis su yi magana, aka bar su a rana har yamma, sannan aka aiko musu cewa Ciyaman ba ya buƙatar 'yan ƙauye masu ganga.

Tun farkon kakar bana suka yanke shawara babu mai shiga fili. Amma ba zaman gida suke yi ba. Duk ranar wasa sai su yi hayar mota su je, su tsaya a waje, su yi kiɗa daga usur na farko zuwa na ƙarshe, don 'yan wasa su san ba da su ake faɗa ba.

Na tambaye ta me take fata gobe. Ta ce an tabbatar mata in kulob ya faɗa ƙasa Ciyaman zai sayar, kuma akwai 'yan gari da suka shirya karɓa. Baba Danladi ya ture kwano ya ce shi bakinsa ba zai taɓa roƙa wa 'Yan Tukwane faɗuwa ba, ko wa ke riƙe da su. Daga yadda suka yi shiru na gane ba yau suka fara wannan gardamar ba.

Lahadi: Kwali zuwa cikin birni

Na jira suka dawo daga coci. Sha biyu saura muka tashi a bas biyu, ganguna a kan cinya, tutoci a naɗe. Na sa koriyar rigata, ta matse ni a ciki, aka yi ta tsokanata. Mun ɗauki wasu a Gwagwalada, muka bi ta Giri muka hau titin filin jirgi. A Lugbe 'yan sanda suka tsayar da mu, suka leƙa, suka ce ban da jifa. Madam Talatu ta ce musu tun da suka fara ko tsakuwa ba wanda ya taɓa ɗauka.

Biyu saura kwata muka isa. Mutanen Nyanya sun riga mu, ma'aikata da 'yan tireda da suka tashi daga yankinmu amma ba su bar kulob ba. Na ga fuskokin da na sani, wasu furfura ta rufe su. Na tambayi labarin wasu mutum uku, aka ce biyu sun rasu. Muka yi sallah a gindin wata bishiya, masu ganga suka fara ɗaure fata.

Ni kuwa idona na kan ƙofa. Ta tsakanin ƙarafa ina hango gefen ciyawar fili, kore shar, an ja farin layi. Shekara tara ina ganin wannan a mafarki. Baba Danladi ya lura. Ya ja ni gefe.

"Tela, kai ba ka nan lokacin da muka yi alkawari. Ka zo daga nesa. Shiga ka gani, ka zo ka faɗa mana yaya yaran suke."

Na ce ba zan iya ba, amma ƙafata ta riga ta juya. Madam Talatu ta ji mu. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma ɗaga murya ba.

"Malam Isuhu, in za ka shiga ka shiga. Amma rigar nan ba za ta shiga ba."

Na tuɓe ta na miƙa mata, na saka kaftanina, na sayi tikiti.

Cikin fili

Filin ya fi namu na da kyau nesa ba kusa ba. Kujerun roba jere reras, kusan duk babu kowa. Can a rumfar manya Ciyaman na zaune da baƙinsa. A gefe guda an tara wasu mutane da sababbin huluna farare, suna tafi in an ɗaga musu hannu, in an sauke su koma kan wayoyinsu. Na zauna ni kaɗai a layi.

Ƙarfe huɗu aka take wasa. Sai da na tambayi wani kafin na gane waɗanne ne namu, don idona kore yake nema. A cikin sha ɗayan nan mutum ɗaya na sani, gola Yakubu, wanda na bari yana zaman benci, yanzu shi ne kyaftin. Filin shiru har ana jin 'yan wasa na kiran juna, ana jin ƙarar takalmi a kan ƙwallo. Ban taɓa jin haka ba a rayuwata.

Sai ganga ta taso daga bayan katanga. Na gane hannun Baba Danladi nan take, yana da wani ɗan jinkiri da yake yi kafin bugu na uku. Muryoyi suka biyo, tsohuwar waƙarmu, iska na kawo ta tana ɗaukewa. Na ga Yakubu ya waiwaya wajen katangar, ya buga safar hannunsa sau biyu, ya daka wa 'yan bayansa tsawa. Na buɗe baki in amsa waƙar, na ji muryata ita kaɗai a cikin kujeru, na yi shiru. Yaran sun yi ƙoƙari, sun buga turke sau ɗaya, Yakubu ya ture wata da kowa ya ɗauka ta shiga. Amma rabin hankalina na waje. Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci.

Na miƙe. Mai tsaron ƙofa ya ce, "Oga, in ka fita babu dawowa fa." Na ce na sani.

Waje

Suka kewaye ni da tambayoyi. Wa ke buga tsakiya, yaya ƙafar mai lamba tara, shin ana jin ganga a ciki? Na ce ana ji, har Yakubu ya juyo. Baba Danladi ya sa na maimaita wannan sau biyu. Madam Talatu ta miƙo mini rigata.

Rabin na biyu a tsaye muka yi shi, muna fuskantar katanga. Ba ma ganin komai sai bayan rumfa da sararin sama da hadari ya fara haɗuwa. Muna waƙa, muna kasa kunne ga usur. Saura kamar minti goma muka ji 'yar hayaniya a ciki. Ganguna suka tsaya. Mai tsaron ƙofar nan ya leƙa ciki, ya juyo, ya ɗaga yatsa ɗaya. Wani ya tambaya na wa. Ya ce, "Naku."

Ba wanda ya yi tsalle da farko. Muka tsaya muna kallon juna. Sai Baba Danladi ya sauke hannu a kan ganga da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba, wuri ya rikice. Na rungumi mutanen da ban san sunansu ba. Da na waiga sai na ga Madam Talatu zaune a bakin kwalbati, ta rufe fuska da gyale. Na durƙusa kusa da ita. Ta ce, "Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Amma yanzu ba zai sayar ba."

Haka aka tashi, ɗaya da nema. Da motocin Ciyaman suka fito, duk muka juya musu baya har suka wuce. Da bas ɗin 'yan wasa ta zo muka juyo. Ba ta tsaya ba, an hana, amma taga ɗaya ta buɗe, hannaye suka fito suna ɗagawa har ta sha kwana. Ruwa ya sauko mana a Lugbe, muka isa Kwali ana kiran isha'i.

Litinin: komawa gida

Shida da rabi Baba Danladi ya raka ni bakin titi, ɗauke da 'yar tukunyar ruwa da Mama Laraba ta ba ni, an naɗe ta da tsumma. Muna jiran mota na tambaye shi ko baɗi za su shiga. Ya ce ba shi kaɗai zai yanke ba, abin da jama'a suka tsayar shi zai bi. Sannan ya faɗa mini abin da bai faɗa wa 'yan ƙungiya ba. Likita a Gwagwalada ya ce idonsa na dama ya tafi, na hagun ma yana bi a hankali.

"Ganga ko a duhu zan buga," in ji shi. "Amma ina so in ga yaran nan da kore sau ɗaya, a filinmu, kafin ya rufe."

Mota ta zo. Na riƙe hannunsa har kwandasta ya yi magana.

Takwas na bar Zuba, ɗaya da rabi muna Kaduna, na shiga gida ana kiran la'asar, tukunyar ba ta fashe ba. Hajara ta karɓe ta tana tambaya ko mun ci. Na ce mun ci, amma ban ga ƙwallon ba. Ta dube ni, ta ga ba wasa nake ba, ta tafi ɗora mini ruwan wanka.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Mama Laraba da Madam Talatu, da duk waɗanda suka matsa mini wuri a bakin ƙofar nan. Baba Danladi kuwa, Allah ya bar masa hasken idon da ya rage har ranar da za a buɗe mana fili.