Ranar da aka ba ni zaɓen jirgi

Waɗanda ke gidan a ranar ba su da yawa. Akwai ni. Akwai ɗana na fari, wanda ban taɓa kiran sunansa ba tun da na haife shi, ba na kuma yi masa magana ido da ido, haka na ga uwata ta yi da nata. Akwai matarsa. Akwai ɗansu, jikana, da ya tashi a ɗakina yana barci a bayana, yanzu ga shi da gemu yana aiki a wani ofis a unguwar Bagdadiyya. Sai maƙwabciyata, Bahaushiyar Sudan, wadda tuwon Juma'a ba ya wuce ta a gidanmu na unguwar Sa'alaba, nan cikin Jidda.

An sauko daga masallaci, an ci, an janye faranti. Surukata na zuba shayi sai jikan ya matso har gwiwarsa ta taɓa tawa, da waya a hannu.

"Amarya, ijaza ta fito, an ba ni hutu. Ke za ki zaɓa mini jirgi."

"Jirgin ina? Madina za ka kai ni, mijin banza, bayan shekara da shekaru kana alkawari?"

"Jirgin ruwa, ya sitti. Nutso za mu yi a bahar, ni da abokaina."

Hausarsa rabi ce, sauran Larabci, ko kaka ma sitti yake ce mini, amma na fahimta sarai. Tun watannin baya na ga wata baƙar riga ta roba a shanye a soro, mai kama da fatar da aka feɗe. Na tambaya aka ce ta motsa jiki ce. Na duba fuskar surukata, ta mai da ido kan butar shayi. Ashe kowa ya sani, ni kaɗai aka bari.

Ya shiga tura mini hotuna da yatsa. Ni ban san baƙi ba, amma ina da ido. Ga wani babban jirgi mai bene, a cikinsa ake kwana, yana nisa har ƙasa ta ɓace. Ga wasu ƙanana da ke tashi daga gaɓar Ubhur da safe su dawo kafin magariba. A kowanne an jera tulunan iska a gefe kamar tukwanen gas, ana goya su a baya a sauka da su. Ya ce wannan matuƙinsa tsoho ne, ya san ruwa. Wancan sabo ne, yana da gudu. Wancan kuma abincinsa ya fi daɗi. Abinci! Mutum zai shiga ƙarƙashin teku yana zancen wa ya iya dafa shinkafa.

Daga nan ya koma kan wuraren da ake sauka. Akwai inda murjani ya fito kamar lambu, ruwan bai da zurfi, rana na kaiwa har ƙasa. Akwai inda ƙasar ta yanke kamar bakin rijiya, shuɗin ya koma baƙi, ba a ganin iyakarsa. Sai ya tsaya a kan wani hoto, muryarsa ta canza kamar mai nuna budurwa. Jirgi ne kwance a kan haƙarƙarinsa a ƙasan teku, tsatsa ta cinye shi, kifaye na shiga ta tagoginsa.

"Wannan ne ya fi, sitti. Har ciki ake shiga."

"Mutanen cikinsa fa?"

"Ma adri, ban sani ba. Tun da daɗewa ne."

Na ajiye kofina. Na ce, "Ba za ka je ba."

Dariya aka yi. Har maƙwabciyata sai da ta rufe baki da mayafi. Jikan ya dafa ƙirji ya ce, "Kun ji ta? Tsoro take kada in auro 'yar ruwa in bar ta da tsufa!"

Ban ga laifinsa ba, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan. Tsakanin kaka da jika wasa ne tun fil'azal. Ni na koya masa. Ni na ce masa mijin banza tun yana rarrafe, ni na ce na sake shi ranar da ya fasa mini tangaran, ni na rantse ba zan ƙara ba shi tuwo ba sannan na tura masa malmala biyu. Duk gidan nan ana shakkar fuskata, surukata ba ta ɗaga murya idan ina tsakar gida, amma shi kaɗai na yarje wa ya mai da faɗana abin dariya. Yau da nake buƙatar magana ɗaya ta zauna, babu inda za ta zauna.

Mai iya hana shi ubansa ne. Ga shi zaune, tsakanina da shi tabarma ɗaya, yana kallon cikin kofi. Sai na juya ga matarsa, yadda muka saba.

"Ki gaya wa mai gidan nan, ban yarda ba."

Ta juya ta ce masa, "Hajiya ta ɗan damu."

Ya amsa mata, ba ni ba. "Ki ce wa Hajiya yaron ya koya. Da malami suke sauka, ba a barin mutum shi kaɗai."

"Ki ce masa teku ba ta san malami ba."

"Hajiya ta ce a dai yi hattara."

A gabana, ina ji da kunnena. Maganata na fita da ƙaya, kafin ta ƙetare tabarmar an fere ta ta zama auduga. Ba mugunta surukata take yi ba. Shekarunta a gidan nan aikinta ke nan, ta sassauta tsakanin uwa da ɗa, har ta daina sanin tana yi. Shi kuma ya ji ainihin abin da na faɗa, ba kurma ba ne. Amma tunda ba gare shi na faɗa ba, yana da hanyar da zai yi kamar bai iso ba.

Maƙwabciyata ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, zamani ne. Ajali ko a kan katifa yana samun mutum."

Na ce, "Wanda ya samu a kan katifa ana yi masa wanka."

Duk sun san inda na dosa. Yayana dako yake yi a tashar jiragen ruwa, daga baya ya bi masunta. Wata safiya suka fita, iska ta taso daga arewa, shi ke nan. Babu gawa, babu ko takalmi. An yi masa salla babu shi a gaban liman. Uwarmu ta ƙi yarda a rufe ƙofar zaure har ta rasu, kuma ba ta sake kai kifi bakinta ba, ta ce ba za ta ci abin da ya ci ɗanta ba. Ni ma ban ci ba. A Jidda, garin da kowace kwana ake soya shi, ba a taɓa ɗora kifi a murhuna ba. Yaran suna ci a waje, ina jin ƙarnin a hannunsu idan sun zo gaishe ni. Su a wurinsu labarin ya zama dalilin da ya sa ba a dafa kifi a gidan sitti, ba wani abu ba.

Jikan ya sassauta murya. "Allah ya jiƙansa. Bas, amma wancan zamanin babu na'ura, sitti. Yanzu jirgi na magana da ƙasa."

"To ka je lambun murjanin. Ka bar wancan kabarin."

Ni da bakina na rage. Daga kada ka je, na dawo roƙon inda zai sauka, kamar mai ciniki a kasuwar Bab Makka da ta ga rana ta yi. Ya sosa ƙeya. Ya ce wurin ai abokansa sun riga sun tsayar, halas, an gama, jirgin da ya nutse za su. Abin da aka bar masa jirgin da zai kai su ne kawai, shi ya sa ya kawo mini, don a ce da albarkata.

Na ture wayar. Ya sumbaci kaina ya ce, "Yalla, amarya na fushi, gobe za ta huce," ya fita. Ubansa ya tashi don la'asar. Da ya zo wucewa ta gabana ya ɗan tsaya, na ga ƙafafunsa a bakin tabarma. Da na ɗaga kai na dube shi, da na buɗe baki na ce kai, hana ɗanka, wataƙila da ya hana. Harshena ya ƙi. Abin da mutum bai yi ba tun yana yarinya mai goyon fari ba ya koyonsa a yini guda. Ƙafafun suka wuce.

Washegari bayan asuba na zauna a kan sallaya har gari ya waye. Na ji motsin jikan a ɗakin girki, na kira shi. Ya zo yana murmushi, zai fara tsokana, ya ga fuskata ya fasa. Na ce ya buɗe mini jiragen nan. Ban tambayi matuƙi ba, ban tambayi gudu ba. Na sa ya nisantar da wayar daga idona iya tsawon hannunsa, ina dubansu ɗaya bayan ɗaya. Farare duk sun saje da hasken ruwan. Ɗaya ne aka shafa wa rufinsa fenti ruwan lemo, ko daga nesa yana tsone ido. Idan aka fita nema, shi za a fara hangowa.

Na ɗora yatsa a kansa na ce, "Wannan."