Motar da Ka Bari a Kan Jak

Wanda ya ba mu aronka ya karɓi abinsa, Yaya. Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, matarka ta kawo maka ruwa gareji ta tarar da kai jingine da bango, sifana a cinyarka. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Ni ƙaninka ne, ba zan ce ka cika sauƙin kai ba. Tsohuwar motar nan da ta girmi 'ya'yanka duka, ka yarda bakanike ya taɓa mata inji da fitila, amma ban da birki. Kullum cewa kake, wanda zai taka shi ya kamata ya ɗaura. Da ita ka kai matan maƙwabta haihuwa, da ita ka kwaso ni da kayana lokacin da aka sallame ni daga aiki, kuma har muka iso ba ka tambaye ni yadda aka yi ba.

Da 'yarka Auta ta sami aikin koyarwa a wani gari mai hawa da gangara, ka ce motar tata ce, amma ba za ta ga makulli ba sai ka sabunta birkin baya. Ka ɗaga motar a kan jak, ka cire gangar birkin hagu, ka zare tsofaffin takalman birkin da suka cinye, ka jera sifirin da ƙusoshi a kan tsumma. Ɓangaren dama ka bar shi a ɗaure, don ba ka kwance biyu lokaci guda. Ɗaya kake kallo ka mayar da ɗaya. A nan aikin ya tsaya.

Yayyen Auta suka ce a sayar wa masu kayan gyara a huta. Ba mugunta ba ce, tsoro suke ƙanwarsu ta hau gangara da birkin da babu mai tsaya masa. Na roƙi a ba ni mako guda. Ni da Auta muka buɗe dama muna kwaikwaya, har hagu ta koma daidai. Sifirin ɗaya ya tsinke mini fatar yatsa, na san da kana nan da ka yi dariya.

Saura fitar da iska daga bututun mai, aikin mutum biyu: ɗaya ya taka birki, ɗaya ya kwance noti a ƙasa. Matarka ta fito ta zauna a kujerar direba, ta ce tun tana amarya ita ke taka maka. Na shiga ƙarƙashi na ce, "Taka. Riƙe." Iska ta fita, na ɗaure notin, na fito ina goge hannu ina yi wa Auta bayani. Can muka waiwaya, ƙafarta tana kan birki, ba ta ɗaga ba.

Auta ta ce, "Umma, ai an gama."

Ta ce, "Baffanki bai ce in saki ba. Babanku ba ya mantawa."

Birki ya kama. Auta ta tafi da motar ranar Asabar, ta kira ta ce ta sauka lafiya.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka da jikokinka. Matarka kuma, Allah Ya sanyaya mata zuciya, Ya ba ta ikon jure rashinka.